Indonesiya da teburin manyan duniya

Akwai wani hoto da 'yan Indonesiya ba su manta da shi ba. Ranar 15 ga Janairun 1998, Shugaba Suharto ya sunkuya yana sa hannu a kan sharuɗɗan bashi, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, Michel Camdessus, yana tsaye a kansa ya harɗe hannuwa a ƙirji. Kuɗin ƙasar, rupiya, da ake canzar da dala ɗaya a kan kusan 2,400 kafin rikicin, ya kai 16,000 a tsakiyar shekarar. A watan Mayu Suharto ya sauka.

Ƙasar da ta sha irin wannan kunya, mutum zai zaci za ta yi fushi ta fice daga zauren. Ba ta fice ba. Ta biya IMF ragowar bashinsa a 2006, shekara huɗu kafin wa'adi, ta ci gaba da zama mamba. A ganina nan hikimarta take: ta ajiye ƙoƙon bara, amma ta riƙe kujerarta. Tattalin arzikinta na haɓaka da kusan kashi 5 cikin ɗari a yawancin shekaru, ta kuma karɓi baƙuncin taron G20, ƙungiyar ƙasashe masu manyan tattalin arziki, a tsibirinta na Bali a 2022.

Maganar ƙarfen nikel ta fi nuna halinta. A Janairun 2020 ta hana fitar da ɗanyensa, ta ce mai so ya zo ya gina masana'anta a cikin gida. Tarayyar Turai ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ta kuma yi nasara a 2022. Sai Jakarta, wato gwamnatin Indonesiya, ta kai maganar kotun ɗaukaka ƙara ta ƙungiyar, wadda ta daina zama tun 2019 saboda Amurka ta hana naɗa alƙalai. Wayo ne, ba jarumta ba, amma ya yi mata aiki. Sai dai kar a yi saurin tafi: yawancin masana'antun na Morowali, cibiyar sarrafa nikel a tsibirin Sulawesi, da jarin Sin aka gina su, da kwal kuma suke aiki.

Indonesiya ta shiga BRICS, ƙungiyar ƙasashe irin su Brazil, Rasha, Indiya, Sin da Afirka ta Kudu, a Janairun 2025, tana kuma neman shiga OECD, ƙungiyar da akasari ƙasashe masu arziki ke ciki. Masu cewa ta raba ƙafa suna da gaskiya. Sai dai BRICS ba ta bincika littafin kowa. OECD kuwa za ta buƙaci gwamnatin Shugaba Prabowo Subianto ta shiga yarjejeniyar yaƙi da cin hanci, ta kuma bari a duba dokokinta ɗaya bayan ɗaya. Can nake jira in ga ko Jakarta za ta sa hannu.