Wai ni ɓarawo ne don na tsallake talla?

Jiya da daddare muna falo ni da Hajiyarmu da yara ana kallon wani shiri mai dogon zango, an zo daidai wajen da ake ɗokin gani tun satin da ya wuce, kawai sai aka yanke aka sako talla. Na zauna na ƙirga, guda bakwai aka jero mana, na sabulu, na sinadarin miya, na layin waya, na sabulun nan ma sau biyu ya dawo kamar mai bin bashi. Ga janareto a waje yana ta zuƙar mai. Ƙanena ya ce Yaya ai da a waya ne da tuni an danna an wuce wajen, sai wani abokina da ya shigo gaida Hajiya ya ce a'a, da kuɗin tallar nan ake shirya shirin, duk wanda ya tsallake ya ci haƙƙin masu tasha. Musun da muka yi ke nan har aka dawo daga tallar ba mu sani ba.

Abin dariyar, maganar abokin nan nawa wani babba ya riga shi faɗa. A 2002 shugaban kamfanin Turner Broadcasting na Amurka, Jamie Kellner, ya ce tsallake talla sata ce, wai akwai yarjejeniya tsakanin mai kallo da tasha cewa sai ka kalli tallar. Da aka tambaye shi to wanda ya tashi ya zaga banɗaki fa, sai ya ce wannan ana iya ɗan yi masa uzuri. To mun gode Alhaji da wannan alfarma. Ni dai ban tuna ranar da aka kawo min takarda na sa hannu ba, kuma tun zamanin talabijin mai baƙi da fari iyayenmu mata lokacin talla suke tashi su duba tukunya ko su yi alwala, ba wanda ya taɓa kiransu ɓarayi. Na'ura ce kawai ta zo ta sauƙaƙa abin da ƙafa take yi da.

Kuma rigimar ta daɗe a kotunan Amurka. Universal da Disney sun kai Sony ƙara kan bidiyon Betamax mai naɗar shiri, a 1984 kotun ƙoli ta yanke, alƙalai 5 da 4, cewa ka naɗi shiri a gida ka kalla daga baya ba laifi ba ne. A 2001 manyan tashoshi suka taru a kan ReplayTV saboda akwatinsu yana tsallake talla da kansa, kamfanin da ya mallake shi bai kai ƙarshen shari'ar ba, a 2003 ya karye. Sai 2012 kamfanin talabijin na tauraron ɗan adam Dish Network ya fito da AutoHop, wanda in ka naɗi shirin dare washegari za ka kalle shi sumul ba talla, Fox da CBS da NBC suka garzaya kotu, a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi dakatar da abin kamar yadda Fox ya nema. Amma ka san yadda ta ƙare? Sulhu aka yi a bayan fage, Dish ya yarda a wasu tashoshin sai shiri ya kwana 3, wasu ya kwana 7, kafin a iya tsallakewa. Manya sun sasanta kansu, mai kallo da ake faɗan a kansa ko shawararsa ba a nema ba.

Ni ban ce talla haramun ba ce fa. Mai kamara zai ci abinci, ɗan wasa zai biya haya, tasha za ta sayi dizal. In kyauta kake ba ni, ka sa tallarka, ni kuma in na ga dama na kalla in ban ga dama ba na sauya tasha, ciniki ya faɗa. Shi ya sa in ina kallon shirin yaran nan masu ƙaramin ƙarfi da ke ɗora finafinan Hausa a YouTube wani lokaci da gangan nake barin tallar ta ƙare, don na san da ɗan abin da ke shigowa ta nan suke haɗa fitowa ta gaba. Amma wannan kyautatawa ce na yi don raina ya so, ba bashi ake bi na ba.

Inda abin yake min ciwo shi ne a ci ni sau biyu, har sau uku. Na sayi dikoda, duk ƙarshen wata na biya kuɗin kallo, ranar da ya ƙare ko minti ɗaya ba a ɗaga min ƙafa, allo ya yi duhu, sannan a cikin abin da na biya ɗin a ɗauki lokacina a sayar wa mai sabulu, kuma a ce kar na danna. A waya ma ya fi muni, don tallar da datata take tafiya, datar da tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗinta a farkon 2025 kowa yake lallaɓa ta kamar ƙwai. Wato ni zan biya kuɗin motar da za a kawo min abin da ban aika a kawo ba. Kuma can ƙasashen waje ma hanyar da aka ɗauka ke nan, Netflix da aka san shi da rashin talla ya shigo da tsarin mai talla a 2022, Amazon Prime Video a 2024 ya zuba wa masu biya talla ya ce mai son a cire ya ƙara kuɗi.

Ga kuma ƙara. Kana kallo a hankali don jariri ya samu barci, talla na shigowa sai ka ji kamar an kunna lasifikar ɗan kasuwa a kunnenka. A Amurka sai da majalisa ta yi doka sukutum a 2010 kan kar talla ta fi shiri ƙara, don ka san ba kunnenka ne yake maka gizo ba.

Wanda ya fi duka kuwa, kuma wannan mu ya fi shafa, tallar masu maganin gargajiya. Kana zaune da mahaifiyarka ko surukarka da 'ya'yanka mata, mutum ya fito yana zayyana basir da sanyi da matsalar ma'aurata dalla-dalla ba sakayawa, kowa ya sunkuyar da kai, wani ya hau tarin ƙarya, kai kuma kana laluben rimot a ƙarƙashin kujera gumi na keto maka. A irin wannan lokacin ne wani zai zo ya ce min akwai yarjejeniya sai na kalla har ƙarshe? Haba malam.

Da na kawo wa abokin nawa wannan sai ya yi shiru, can ya ce to ai wannan daban. Hajiya da muke zaton ba ta bin zancen ta ce ita dai a bar mata tallar, don da ita take samun sararin yin shafa'i da wuturi, in ya so mu mu tsallake tamu a waya. Ta miƙa hannu ta karɓe rimot ɗin.