Tumatirin Mai Unguwa da Mudun Daƙiƙa

A wata gonar rani ta ƙasar Kura, Mai Unguwa ya tsaya a kan tumatirinsa da ya yi yaushi, Ɗan Boko kuma yana tsugune gaban 'yar kwamfutar da ya haɗa wa injin ban ruwa.

Mai Unguwa: Ɗana, kai ka ce wannan akwati zai riƙa tayar da inji duk bayan awa shida, ga shi yau kwana uku ko tari injin bai yi ba.

Ɗan Boko: Ranka ya daɗe, umarnin saita agogo mai suna setitimer na Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da akwatin, na ba shi, wanda yake karɓar abu biyu, tazarar maimaitawa da lokacin bugun farko, kuma daƙiƙa 21,600 na rubuta a kowanne.

Mai Unguwa: To, ɓera ne ya cinye daƙiƙun?

Ɗan Boko: Mudu ne ya saɓa. Ni na auna daƙiƙun da babba mai bit 64, wato guraben da kwamfuta ke rubuta lamba a cikinsu, ita kuwa zuciyar na'urar da ƙarami mai bit 32 take karɓa. Ta karanta tazarar daidai, amma da ta leƙa inda take zaton bugun farko yake sai ta tarar da sifili, kuma a dokarta sifili a wannan gurbi yana nufin a kashe agogo.

Mai Unguwa: Ashe biyayya ta yi. Babu mai awo a tsakaninku?

Ɗan Boko: Akwai wata manhaja mai suna glibc, wadda take juye awo daga babban mudu zuwa ƙarami, idan ya ƙi shiga ta ce ya yi yawa, sai dai na tsallake ta don gaggawa.

Mai Unguwa: Ka tsallake mai awo a kasuwar da ba ka san mudunta ba! Shi ƙaramin nawa yake ci?

Ɗan Boko: Daƙiƙa 2,147,483,647, kimanin shekara 68, wanda ya ishi kowace tazarar ban ruwa. Inda yake da haɗari shi ne kwanan wata, domin tun 1 ga Janairu 1970 ake zuba masa daƙiƙu, zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 na asuba agogonmu, daga nan lissafi ya tuntsure zuwa Disambar 1901.

Mai Unguwa: Zamanin Sarki Alu, tun Turawa ba su ci Kano ba? To, ka bar mini ƙaramin, domin a 1901 babu mai bina kuɗin taki.

Ɗan Boko: Allah ya ja zamaninka, a lokacin ai ruwan ma babu, tunda sai 1974 aka gama madatsar Tiga.

Mai Unguwa: Yanzun ma tumatirin bai ga bambanci ba. Tashi ka ɗauki bokiti, shi ban taɓa jin ya tambayi bit ba.