Kiɗan Hayaniya Bai Mutu Ba, Tsoronsa Ne Ya Fita Daga Zukata

Kwanakin baya wani abokina ya same ni da abin sauraro a kunne, ya zare ya saka a nasa. Ko daƙiƙa goma bai yi ba ya cire, ya ce, "Malam, wayar nan taka ta lalace." Na ce masa lafiyarta lau, kiɗa ne. Ya bi ni da irin kallon da ake yi wa mai buƙatar addu'a. Faifan Pulse Demon ne na Merzbow, wani mai kiɗan hayaniya ɗan Japan, faifan da ya fito a 1996, kuma ban ga laifinsa ba. Ka ɗauka rediyo ne ya saki tasha aka ƙure masa murya, ga tsuwwa a sama, ga rugugi a ƙasa, babu mawaƙi, babu amshi.

To, mene ne kiɗan hayaniya? Amsar da aka fi bayarwa ita ce wai sauti ne da kunne ba ya so. Ni ban yarda ba. Mutumin da ya sayi tikiti da kuɗinsa, ya tsaya awa guda gaban lasifika, ai so ne ya kai shi. A ganina kiɗa ne da ya ajiye kari da baiti da bugun da ake rausayawa, ya kama jikin sautin kansa: kaushinsa, kaurinsa, nauyinsa. Idan ka daure minti biyar na farko, kunne yakan daina neman waƙa, sai ka fara jin abin hawa-hawa, wata ƙara na danne wata, wani amo na ɓullowa ya ɓace. A zauren wasa kuwa ƙirji ne ke fara ji kafin kunne.

Kuma ba jiya aka fara ba. Tun 1913 wani mai zane ɗan Italiya, Luigi Russolo, ya rubuta cewa zamanin injuna ya zo, ya kamata ƙarar masana'anta da ta titi su shiga kiɗa. Ya ƙera akwatuna masu hannun juyawa da ke gurnani da kururuwa, da ya kai su dandamali a Milan a 1914 sai da aka ba hammata iska. A 1975 mawaƙin Amurka Lou Reed ya fitar da faifan Metal Machine Music, sama da awa guda na kukan jita da lasifika, masu saye da yawa suka mayar da shi kanti. Amma inda abin ya yi gida shi ne Japan. Can Masami Akita ya fara kiɗa da sunan Merzbow a 1979, har a 2000 ya fitar da akwati guda mai faifai 50. Can ne kuma a 1985 jagoran ƙungiyar Hanatarash ya shigo da katafila cikin zauren wasa a Tokyo, ya rushe bango.

Masu cewa kiɗan hayaniya ya mutu, na san inda suka dosa. Akwai lokacin da jaridun kiɗa suka yi masa caa: a 2004 'yan ƙungiyar Wolf Eyes na Michigan suka fitar da faifai a Sub Pop, kamfanin da ya fara fito da shahararriyar ƙungiyar Nirvana, a shekarar kuma aka fara bikin No Fun Fest a New York. Yayi ya wuce, 'yan jarida suka koma wani wurin. Sannan ƙarar kanta ta zama 'yar gida. Tsuwwar lasifika da a da injiniya ke gudu ya kashe, tun 1964 'yan ƙungiyar Beatles ta Ingila suka buɗe waƙa da ita. Wanda ya ji faifan Yeezus na Kanye West a 2013 ya ji kaushin da a baya sai a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ake samu. Abin da ya sa aka yi dambe a Milan, yau yaro na jin sa a wasan kwamfuta ko gezau.

Sai dai gushewar yayi daban, mutuwa daban. Wannan kiɗa bai taɓa dogara da kasuwa ba balle ta kashe shi. Toshiji Mikawa na ƙungiyar Incapacitants ta Japan ma'aikacin banki ne shekara da shekaru, da rana lissafi, da dare ihu cikin makirfo. Haka yawancinsu suke. Leƙa Bandcamp, shafin sayar da kiɗa a intanet, ka gani, kullum sabo na fitowa, har yanzu ana buga kaset kwafi kaɗan ana aika wa juna.

Abin da ke damuna ma ba mutuwa ba ne, ladabi ne. Kiɗan da ya zo karya doka ya wayi gari da nasa dokokin: baƙar riga, tebur cike da wayoyi, kai a sunkuye. Kowa da kwamfuta zai iya ƙure komai ya ce ya yi faifai, kuma da yawa lalaci ne tsagwaronsa. Wani makaɗi mai suna Vomir na Faransa yakan raba wa 'yan kallo baƙar leda su rufe kai, ya saki ƙara guda da ba ta motsi har a tashi. Karo na farko abin ya girgiza ni. A na uku sai na kama kaina ina hamma.

Abokin nawa kuwa, daren jiya ya turo saƙo yana tambayar sunan faifan. Wai yana da baƙon da ya ƙi tafiya.