Wallahi Neman Fasfon Nan Ya Ishe Ni

Jama'a, wai sai yaushe ɗan ƙasa zai karɓi fasfo ba tare da ya rame ba? Tun Satumban 2025 mai shafi 32 ya koma naira dubu 100, mai shafi 64 dubu 200, ka ciza yatsa ka biya, ka ɗauka shi ke nan, ashe yanzu aka fara! Kawo lambar NIN, kawo takardar haihuwa, kawo shaidar ƙaramar hukuma, kawo hoto, saura kawai su ce ka taso kakanka daga kabari ya zo ya shaide ka. Sannan rigimar suna: a NIN an rubuta Mohammed, a takardar makaranta Muhammad, wani magatakarda can ya ga dama ya sa Muhammed, kwamfuta kuma ta ce mutum uku ne. Ni na rubuta? Harafi ɗaya fa, amma sai ka je kotu ka yi rantsuwa, ka sake bin layin gyara! Ka taso daga Bajoga ko Kaltungo da asuba, ka biya kuɗin mota zuwa Gombe, rana ta gasa maka ƙeya, kana zama gaban na'urar ɗaukar hoto a ce "Malam, yi haƙuri, ba sabis." Ina ya tafi? Wa ya aike shi? Ga dattijuwa tana son tafiya Umara, jikanta riƙe da ledar takardunta, an ce su dawo Litinin, ga wani a bakin ƙofa yana raɗa maka "Alhaji, kawo na goro a gama maka yau." Haba! Da wane kuɗin kuma?