Sau uku a mako guda dumsor yana kashe min gwaji

Wallahi na gaji. Sau uku ke nan cikin makon nan ana ɗauke mana wuta, abin da a nan Ghana ake kira dumsor, a unguwarmu ta Aboabo ba sanarwa, kuma kowane karo sai ya faɗo daidai lokacin da aikina ya kai gaɓar da ba ta jure katsewa.

Gwaji nake yi a kan wani gyara da aka yi wa linka, wato manhajar da ke ɗinke dubban guntayen da kwamfaila, mai fassara rubutun shiri zuwa harshen inji, ya fitar su zama kanel guda ɗaya, zuciyar tsarin kwamfuta na Linux. A nau'in ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake kira ARM mai bit 64, umarnin BL, wanda wani sashen shiri ke kiran wani da shi, iyakarsa megabait 128 gaba ko baya. A tsohon ARM mai bit 32 kuwa megabait 32 ne kacal. Idan wanda ake kira ya wuce nan, dole linka ya kafa masa zango a tsakani, 'yan umarni kaɗan da kiran zai sauka a kansu sannan ya ƙarasa, kamar yadda fataken goro ke yada zango tsakanin Kano da Salaga. In zangon ya zauna a inda bai dace ba, ko dai linka ya ƙi haɗawa ya yi ta kuka da saƙon kuskure na R_AARCH64_CALL26, ko kuma, wanda ya fi muni, ya haɗa lafiya lau, kanel ya tashi ya yi tsalle zuwa inda ba kowa, allo ya daskare.

To, irin wannan ciwo ba ya fitowa a ƙaramin shiri. Sai ka kunna kusan duk abin da kanel ke da shi ya kumbura, ka haɗa da linkan GNU ld, ka sake haɗawa da wani linkan mai suna LLD, ka tayar da kowanne a QEMU, manhajar da ke kwaikwayon injin ARM, ka gani. Laftof ɗina mai gigabait 4 ba ta iya ɗauka, shi ya sa nake amfani da babbar kwamfutar shago, wadda ba ta da batir. Abin da kwamfaila ya riga ya gama ba ya ɓata in wuta ta tafi, ana ci gaba daga inda aka tsaya. Amma matakin linka ba shi da rabi. Kuma kanel ba sau ɗaya ake haɗa shi ba, sai an maimaita saboda jadawalin sunayen da ke cikinsa. Wuta ta ƙyafta, ka koma farko.

Daren Talata ina zaune, fanka tana juyi, na ga layin ƙarshe ya fito a allo, har na miƙa hannu zan ɗauki shayi. Ɗif! Duhu. Da wutar ta dawo bayan asuba, faifan ma sai da na yi ta gyaransa kafin ya yarda ya buɗe. Alhaji mai shagon ya leƙo ya ce, “Yaro, ka sayi janareto mana.” Na ce, “Baba, da wane kuɗin? Mita na cika da sidina tun kafin in sha wutar, yanzu kuma in koma sayen fetur?”

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne rashin faɗa. Ko a 2015 da dumsor ya yi tsanani, ana fitar da jadawali, mutum ya san yau tasa ce ko ta maƙwabta. Tela ya tsara ɗinkinsa, mai sayar da ƙanƙara ta san abin da za ta yi. Yanzu ka kira lambar ƙorafi ta yi ta ringi, in an ɗauka a ce maka ana kan aiki. Wane aiki? Har yaushe?

Waɗanda suka rubuta gyaran suna jiran sakamakona tun Litinin, ni ne na ce zan gwada musu a kan ARM. Kullum sai in rubuta musu cewa gobe. Ku masu wutar lantarki, ku faɗa mana awannin da za ku ɗauke, ni zan tashi ƙarfe biyun dare in kunna injin. Yau Juma'a, na sake farawa bayan an sauko masallaci, ido ɗaya a allo, ɗaya a kan ƙwan lantarki.