Lata Mangeshkar: shekara saba'in da 'yan kai gaban makirfo

Duk wanda ya taso yana kallon finafinan Indiya a Kano ko Damagaram ya san muryar Lata Mangeshkar, ko da bai san sunanta ba. Jarumar fim ce ke motsa baki, ita kuwa tana situdiyo a Bombay tana rera waƙar soyayyar. An haife ta a Indore ranar 28 ga Satumba 1929, ta rasu a Mumbai ranar 6 ga Fabrairu 2022. Abin da ke damuna shi ne yadda ake taƙaita labarinta da cewa baiwa ce kawai. Baiwar na nan, Allah ya ba ta, amma aikin da ta ɗora a kai shi ya riƙe ta tun daga 1942, shekarar da mahaifinta Deenanath ya rasu ya bar mata ƙanne huɗu tana 'yar shekara 12.

Da farko ma ƙin muryar aka yi. A 1948 wani mai shirya fim ya ce ta yi siriri da yawa, domin a lokacin muryoyi masu kauri ake yayi. Makaɗi Ghulam Haider ne ya tsaya mata. Sai kuma Dilip Kumar ya yi ƙorafi kan furucinta na Urdu, kasancewar Marathi ne harshen gidansu. Ba ta yi zuciya ba, ta nemi malami ta zauna ta koyi harshen. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don waƙar soyayya a kan kalma take tsaye. In ka karya harafi ɗaya a kalmar bege, ko da kiɗan ya kai zuma daɗi, mai harshen ya daina yarda da kai.

A dubi yadda ake ɗaukar waƙa a shekarun 1950. Babu yanka da liƙi. Makaɗa gommai suna zaune a ɗaki ɗaya da mawaƙiya, masu goge, masu sarewa, masu ganga, 'yan amshi, kowa na jiran hannun jagora. In mai sarewa ya yi kuskure a baitin ƙarshe, sai a koma farko gaba ɗaya. Fuska ɗaya ta faifan garmaho minti uku da 'yan daƙiƙu take ɗauka, dole waƙa ta shige ciki. Saboda haka sai an yi kwanaki ana bita kafin ranar ɗauka. Lata takan cire takalmi kafin ta shiga, ta rubuta baitocin da hannunta, ta sa alama a wuraren da za ta tsaya ta ja numfashi. A nan sirrin yake. Mawaƙin da bai tsara numfashi ba, iska kan ƙare masa a tsakiyar jimla, sai ya matse maƙogwaro don ya kai ƙarshe, murya ta yi ƙasa da inda ya kamata, bayan shekaru ta dushe. Ita kuwa saurari tsofaffin faifanta da na'urar kunne, da wuya ka kama inda ta shaƙi iska.

Akwai cutar da aka yi mata, kuma ta sha faɗi da bakinta. Da makaɗa suka ga tana iya hawa sama, sai suka riƙa ɗora mata waƙa a matakin da aka tsara wa namiji, ta rera shi can ƙololuwa. Hakan na gajiyar da murya. A ra'ayina waƙoƙinta na matsakaicin sauti, na shekarun 1950 da 1960, su ne mafi daɗi. Na shekarun 1990, lokacin da ta haura sittin tana yi wa jarumai sa'o'in jikokinta waƙa, an fara jin kaifi da gajiya a saman muryar, ko masoyinta ya san haka.

Ɓangaren da na fi son mawaƙanmu na nanaye su karanta shi ne na haƙƙi. Waƙar da ta fito da ita a 1949 an buga faifanta da sunan jarumar cikin labari, sai da masu sauraro suka addabi gidan rediyo da tambaya kafin a bayyana mai muryar. Daga nan ta dage sai an rubuta sunan mawaƙi. Kyautar Filmfare ta finafinan Indiya ba ta da rukunin masu waƙar bayan fage sai da ta nuna ƙin amincewa, kuma ita ta fara karɓa. A farkon shekarun 1960 ta nemi a riƙa ba mawaƙi kaso daga cinikin faifai. Mawaƙi Mohammed Rafi ya ce tun da an biya ladan aiki magana ta ƙare, suka daina waƙa tare har zuwa 1967. Ina ƙaunar Rafi, amma a wannan ita ce da gaskiya: an biya mawaƙi sau ɗaya, kamfani kuwa yana sayar da faifan shekara hamsin. Yau a situdiyoyin Kano ana ɗaukar waƙa layi-layi, kwamfuta na miƙe murya, kuma yarinyar da ta rera rabin waƙar sau da yawa ba a ko sa sunanta a YouTube.