WhatsApp na buɗewa, firinta ta ɓace: sakacin masu haɗa rezo a Damagaram

Haba jama'a, wannan wane irin aiki ne? Mai haɗa wifi zai zo gida, ya kafa akwati a bango, ya ja kabul ta saman kwano, ya buɗe WhatsApp a salularsa, saƙo ya shiga, ya soke kuɗinsa a aljihu ya kama gabansa. Washegari salula ba ta ganin firintar da ke kan kabul, kwamfutar falo ba ta ganin na'urar kamara. Ka kira shi, wai "rezo ne ba kyau". Wane rezo? Na'ura biyu a gida ɗaya ba su bukatar intanet kafin su yi magana da juna. Daga Birni har Zango da Sabon Gari, ɗinkin ɗaya ne, ɓarakar ɗaya.

Babbar ta'asar ita ce ruta biyu, wato akwatin raba wifi guda biyu a gida ɗaya. Katangun ƙasa na gidajenmu masu kauri ne, wifi ba ya ratsa su, musamman na 5 GHz, don haka ƙara ruta ta biyu a cikin gida ba laifi ba ne. Laifin shi ne a soka kabul ɗin a ramin WAN na ruta ta biyu, wato ramin da aka tanada don layin intanet na waje. Daga nan gida ya rabu biyu: akwatin farko na raba adireshi 192.168.1 da ƴan kai, na biyu na raba 192.168.0. Na'urar da ke bayan ruta ta biyu tana iya kiran ta gaba, wato wadda ke kan akwatin farko, in an rubuta adireshin da hannu, amma ta gaba ba ta da ƙofar shiga baya, kuma cigiyar da salula ke yi don gano firinta da kanta ba ta ƙetare wannan shingen. Duba adireshin salula a saitin wifi, ka buga umarnin ipconfig a kwamfuta don ganin nata adireshin. In lamba ta uku ta bambanta, an gama bincike.

Gyaran bai kai minti goma ba, shi ya sa abin ke ƙona rai. A cire ruta ta biyu daga layi, a shiga shafinta, a ba ta adireshin da ke cikin dangin ta farko, misali 192.168.1.2, muddin akwatin farko ba ya raba wannan lambar. A kashe DHCP ɗinta, wato mai raba wa na'urori adireshi, a mayar da kabul ramin LAN, ɗaya daga ramukan na'urorin gida. Wanda ya sauya rami ya bar DHCP a kunne ya ƙara dagula lissafi, don masu rabon adireshi sun zama biyu, wanda ya riga amsawa shi ke ci, yau aiki gobe babu.

In adireshin dangi ɗaya ne amma ping, wato ɗan saƙon gwajin da ake tura wa wata na'ura don ta amsa, bai dawo ba, a leƙa saitin wifi a nemi AP Isolation, saitin da ke hana na'urorin wifi ganin juna, a kashe. Haka rezon baƙi, an yi shi ne don ya hana baƙo taɓa kayan gida, amma sai ka tarar shi aka ba mai gida lambar sirrinsa. Windows ma, in ta ɗauki rezon a matsayin na bainar jama'a, tana toshe ping da rabon fayil. A mayar da shi na gida.

Sai kabul, inda ake cutar mutane ido na ganin ido. An rubuta Cat6 a jiki, alamar ajin kabul, a kankare waya ɗaya da wuƙa sai ga farin gorar ruwa an shafa mata jan ƙarfe. Irin wannan na karyewa a bakin kan RJ45, wato kan robar da ake sokawa a rami, ga shi an shimfiɗa shi tsirara a kan kwano, ranar watan Afrilu na gasa shi, ɓeraye na gwaguya a silin. Iyakar kabul mita 100 ce. Wayoyinsa takwas ne, an murɗe su biyu-biyu kamar tagwaye, kuma jerinsu ba na ganin dama ba ne: a tsarin B ana farawa da fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa-ƙasa. Wanda ya jera yadda ya so a kai biyun zai ga fitila ta kama, amma ya raba tagwaye, saƙo ya yi ta zubewa a hanya. Gudun mega 100 na amfani da waya ta 1, 2, 3 da 6 kawai, giga kuwa sai duka takwas. Ƴar na'urar gwajin kabul ba tsada gare ta ba. Mutum ya kira kansa ma'aikaci, babu ita a jakarsa! Adireshin da ya fara da 169.254 kuwa na nufin na'urar ba ta samu mai ba ta lamba ba, kabul ko DHCP za a tuhuma.

Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda ko yaro ya san da ita a garin nan, amma mai haɗawa ya yi kamar bai taɓa ji ba. Wuta ta dawo, akwati ya sake rabo, firintar da ke 192.168.1.20 ta koma 23, kwamfuta na can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa. A shiga DHCP na akwatin farko, a ɗaure lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita, ta firinta da ta na'urar kamara kowace da adireshinta na dindindin. Kafin a biya ko dala, a kashe komai daga soket, a kunna, a tura shafi ɗaya daga salula zuwa firinta a gaban mai aikin.